Kaburbura Shida a Gona ta Huɗu

Bisa kuskure littafin ya zo hannuna. A kasuwar Sinnar, ƙarƙashin barandar da ke kallon tashar mota, akwai wani dattijo da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan buhu, ya san ni tun ina amarya. Labaran soyayya nake saye a wurinsa, na Larabci masu siraran shafuka, wani lokaci har da na Hausa idan wani matafiyi daga yamma ya bar su. Ranar nan ya ɗaure mini guda biyar da zare, ban kwance ba sai da na isa gida. Na tsakiyar ba shi da bango, shafukan farko ma sun yage. Na fara karantawa ina jiran inda yarinyar za ta fito. Har na ci rabi babu ita.

Labarin wasu sojoji ne na wata ƙasa mai suna Finlan, can ƙarshen arewa, wani ya mayar da shi Larabci. Ba manyan sojoji ba, ƙananan nan da ake kwasowa daga ƙauyuka. Suna zaune cikin ramuka a wani daji mai ƙanƙara, suna zagin miyar da ake ba su, suna kashe kwarkwata, suna gulmar babbansu. Akwai wani mai gyaran takalmi a cikinsu wanda kullum tunanin saniyarsa yake yi, ko matarsa ta iya tatsarta. Mutum yana cikin magana sai a ce ya mutu, labari kuma ya ci gaba. Haushi ya kama ni. A littattafan da na saba, ba a mutuwa sai an yi wasiyya mai shafi biyu, kai a kan cinyar masoyiya.

Na so in jefar da shi, maigidana ne ya hana. Aikinsa gyaran injinan ban ruwa a bakin kogi, karatu bai dame shi ba, kuma kullum tsiya yake yi mini a kan littattafaina. Yakan ce matan cikinsu ba sa yin kisra, wainar dawar nan tamu ta kullum, ba sa shara, kuka kawai suka iya. Amma wannan, da na karanta masa shafi ɗaya don in nuna masa rashin daɗinsa, sai ya ce in ƙara. Daga nan kowace la'asar idan ya dawo, ya wanke man inji daga hannunsa, sai mu zauna a rumfa in dafa kofi ina karanta masa. Da muka kai inda sojojin suka gina wani ɗan ɗaki suna shiga tsirara suna zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ashe akwai ƙasar da maza ke shiga turaren hayaƙi kamar amare. Ya ce waɗannan ai mutanenmu ne, sanyi kawai ya raba mu.

Wuri ɗaya ne bai yi dariya ba. Mutanen nan ba sa barin mamacinsu a inda ya faɗi. Suna rarrafawa a ƙarƙashin harbi su jawo shi, su ɗora shi a kan wani katako da ake ja bisa ƙanƙara, a sa shi a jirgin ƙasa, a kai shi har ƙauyensu, mata su wanke shi, a binne shi inda uwarsa za ta iya zuwa da ƙafa. Na ce masa wannan shi ne kawai soyayyar da ke cikin littafin. Ya ce sanyi ne ya ba su dama, a nan kafin azahar mutum ya fara wari.

Shekara biyu bayan haka yaƙi ya iso mu. Ba zan ba da labarin gudun da muka yi ba, kowa a ƙauyenmu yana da nasa kuma wasu sun fi nawa muni. Da muka dawo mun tarar an kwashe injinan bakin kogi, an fasa rumbuna, ko ƙofar ɗakinmu an cire. Maza suka fara ba da sunayensu don a tafi da su bakin daga. Shi ma ya ba da nasa. Na shirya maganganun bankwana a raina har na haddace su, amma da safiyar ta zo yana ta neman takalminsa ɗaya, motar kuma tana ta ƙaho. Abin da ya ce mini kawai shi ne in riƙa duba Inna, mahaifiyarsa, don ba ta faɗin ciwo.

Sau biyu muryarsa ta iso ni ta waya, don layi yakan yi makonni a ɗauke. A ta farko ya yi ƙorafin cewa adas, ƙanƙanin waken nan, suke ci safe da yamma har ya fara jin kansa kamar tukunya. A ta biyu ya ce takalmin da aka ba shi ya yi masa kaɗan, in gaya wa mai gyaran takalmin littafina yana nemansa. Daga nan shiru.

Ni kuwa na san yadda shiru yake ƙarewa, ko in ce na ɗauka na sani. Na karanta shi sau ɗari: masoyi yakan ɓace, a fid da rai, sai wata rana a ji sallama. Duk lokacin da jita-jita ta zo cewa za a ba wasu hutu, sai in kwaɓa lalle in ƙunsa, in shiga hayaƙin itacen ɗalhi mai ƙamshi, in wanke mayafina mai ruwan goro. Inna tana kallona.

Wanda ya yi sallamar wani mutumin garin Dinder ne, siriri, yana ɗingishi. Tare suke da maigidana a rukuni ɗaya. An shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni ina bayan zana ina ji. Ya ce a ƙarshen sanyi ne, a gonakin Jazira kusa da Hasahisa. An buɗe musu wuta suna tsallaka wata gona, maigidana ya faɗi tare da wasu, babu halin ɗauka. Shi kansa watanni ya yi a kwance, shi ya sa bai zo da wuri ba. Daga baya ya ji cewa manoman wurin sun binne su a nan cikin gonar. Ya faɗi sunan tur'ar, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da yankin, ya ce gona ta huɗu ce.

Limaminmu ya ƙirga watannin da yatsunsa, ya sake ƙirgawa. Sannan ya sa aka kira ni bakin ƙofa.

"Ɗiyata, takaba daga ranar rasuwa ake lissafinta, ba daga ranar da labari ya zo ba. Taki ta fita, yau kwana goma sha biyu."

Na kalli hannuwana. Lallen shekaranjiya ne, ya kama baƙi ƙirin har wuyan hannu. Wata huɗu da kwana goma na yi ina ƙamshi, shi yana ƙarƙashin ƙasa. Ko zaman da kowace mace ke yi wa mijinta ban samu ba. Na goge hannun da toka da lemun tsami har fata ta ɗaye, lallen bai fita ba, da shi na karɓi gaisuwa kwana uku.

Da aka naɗe tabarmin makoki na ɗauko littafin nan na sake karanta wurin da ake jan mamata a kan ƙanƙara, sau uku a zama ɗaya. Sai na je na sami Inna tana tsince kuɓewa, na ce mata zan je in dawo da shi gida. Ba ta ɗago ba. Ta ce mu 'yan hanya ne, kakanninmu da ƙafa suka taho daga yamma za su Makka, kowane zango sun bar wani a ƙasa, kakanta ma yana wani wuri kafin Darfur wanda ba mai iya nunawa. Ta ce duk ƙasar Allah ce. Amma da asuba na tarar da ƙullin busasshiyar kisra da dabino a bakin ƙofata, an ɗaure da ɗankwalinta.

Kwana biyu na yi a hanya, daga lori zuwa lori, ana sauke mu a kowane shinge a duba takardu. Gefen titi ƙonannun motoci ne sun yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarsu. Ni haifaffiyar Jazira ce, aure ne ya kai ni bakin kogi, kuma kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana nan a wani ƙauye bayan Hasahisa. Shekara talatin ya yi yana aikin gafir, mai buɗe ƙofofin ruwa da rufe su. Da na faɗa masa sunan tur'ar ya ce ya santa kamar tafin hannunsa. Da na faɗa masa abin da na zo yi kuwa, ya ce mu fara gano wurin tukuna.

Duk wanda aka haifa a Jazira ya san yadda ake ƙirga gona. Daga bakin tur'a ake farawa, inda ruwa ke shigowa, don ta ɗaya ita ke fara sha, ta ƙarshe a wutsiya ita ke jira. Tun ina kai wa babana abinci haka na san abin, ban taɓa jin an ƙirga ta wata hanya ba. Washegari muka hau keken jakin kawu muka je baki, muka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Babu komai a gonar. Shekara biyu ba a noma ta ba, ƙasar ta bushe ta tsage, ciyayi sun mutu a tsaye. Na bi ta taki-taki ina soka sanda a duk inda na ga tudu. Mai gonar ya rantse ko kare ba a binne masa ba. Muka ce ko ta uku ce, ko ta biyar. Muka shiga ƙauyukan kusa ina tambayar mata a bakin rijiya, kowacce tana da nata mamacin da za ta ba ni labari, ba wadda ta san nawa. Kwana shida muka yi a haka. Na kira lambar mutumin Dinder har na gaji, ba ta shiga.

A kwana na huɗu ne aka saki ruwa, na farko tun da aka fara yaƙi. Ya shigo tur'ar a hankali saboda laka da ciyawa sun cike ta, yana tura kara da robobi a gabansa, balbelu na binsa. Mutane suka fito suna kabbara, mata na guɗa. Kawu ya durƙusa ya ɗiba ya shafa a fuska. Ni ma na yi murna. Ban kawo komai a raina ba.

Rana ta bakwai da safe yana ɗaura wa jaki ragama sai ya tsaya, igiyar a hannunsa.

"Mutumin nan da ya kawo labari, ɗan ina kika ce?"

Na ce Dinder.

"Ya taɓa shayar da gona?"

Na ce ban sani ba, can ai da ruwan sama suke noma.

Ya zauna a kan ƙafar keken. Ya ce wanda sama ke shayar masa ba shi da baki ba shi da wutsiya, abin da ya fara gani shi ne na ɗaya. Sojoji kuma ta titi suke shigowa, titin kwalta a wutsiyar tur'ar ya bi. Ya ce mu ne muka yi wautar, shi da furfurarsa. Sai ya dubi wajen tur'ar ya ce in hau da sauri.

Muna tafiya a kan gaɓar, ruwa na gefenmu, gonaki suna sha ɗaya bayan ɗaya. Inda aka riga aka shayar ƙasa ta kwanta sumul tana sheƙi, ko alamar sawu babu. A nan na gane abin da kawu ya hango. Na karɓe sandar daga hannunsa ina dukan jakin da kaina, abin da ban taɓa yi wa dabba ba. Wajen azahar muka cim ma kan ruwan, muka wuce shi. Kawu ya waiwaya ya auna da ido, ya ce gobe war haka zai kai wutsiya.

Gona ta huɗu daga titi a hannun wani Bahaushe take, dattijo, yana noma ta raba-daidai da mai ita. Tun kafin kawu ya gama bayani ya ajiye fartanya ya wuce gaba muka bi shi. A kusurwar gonar, inda ƙasa ta ɗan yi kwari, an jera ƙaya. Ƙarƙashin ƙayar tudu shida ne a jere.

Ya ce kwana uku suka yi a ɓoye kafin su iya fitowa, shi da maƙwabtansa biyu. Sun yi musu salla, sun fuskantar da su alƙibla, kowa da raminsa, abin da suka iya ke nan. Na tambaye shi wanne ne dogon. Ya ce duk a kwance suke. Na ce mai wushirya, mai tabo a ƙwaurin hagu inda bel ɗin inji ya taɓa yankarsa, wanda takalminsa ya matse shi. Ina ta lissafa masa mijina gaɓa-gaɓa a gaban maza biyu, kunya ba ta ko zo mini ba.

"Ɗiyata, kwana uku suka yi cikin zafin ranar nan," ya ce. "Wallahi ban kalli ƙafar kowa ba. Rawani na ɗaure a hanci."

Na ce a ba ni fartanya, zan gane shi ko ƙashi ne ya rage. Dattijon ya dubi ƙasa. Kawu ya matso kusa da ni ya yi magana a hankali.

"Ke, ji tsoron Allah. Ki tone shida don ɗaya? Sauran biyar ɗin ba uwa ta haife su ba?"

Sai na koma roƙon a hana ruwa shiga gonar. Na riƙe gefen rigar dattijon. Ya ce ya riga ya zuba irin dawa, kuma irin ke nan, babu wani. Idan layinsa ya wuce sai bayan mako biyu, idan ma ruwan ya sake kaiwa wutsiya, ga jikoki bakwai a gida suna cin abu sau ɗaya a rana. Bai ɗaga murya ba, ni ma na san gaskiya ya faɗa. Ya ce kusurwar dai ya bar musu ita har abada, ba zai shuka ko ƙwaya ɗaya a kai ba. Na ce to zan ɗaga mata kunya da ƙasa in kewaye ta, yadda ake yi wa fangali, ruwa ya bi ta gefe. Su biyun suka kalli juna. Sannan ya miƙo mini shebur.

Daga la'asar har faɗuwar rana ina haƙa ina tarawa. Ƙasar kamar dutse, sai an fasa ta da fartanya a ɗauki gunduma da hannu. Matarsa ta zo da kwando ta kama mini, ba ta tambaye ni komai ba. Da gari ya waye muka ɗora. Tafin hannuna ya fashe, jini ya gauraya da ragowar lallen. Kafin rana ta take mun ɗaga kunya har gwiwa, ta zagaye su shida ɗin, na bi ta ina tattakawa da ƙafa ina toshe kowace kafa.

Ruwan ya iso bayan azahar. Dattijon ya fasa masa hanya, ya bazu cikin gonar, ya zo ya daki kunyata ya tsaya, ya juya ya bi gefe. Na zauna a kanta ƙafafuna a ciki, wajen busasshen. Tun ranar da mutumin Dinder ya yi sallama ban ji numfashina ya sauka har ciki ba sai lokacin. Na fara tunanin bulo nawa zan nema, da irin itacen da zan dasa.

Ƙara na fara ji, kamar ana tsotsar abu a ƙarƙashina. Baƙar ƙasar Jazira idan ta yi rani biyu ba ruwa tsagewa take yi har hannu ya shige zuwa kafaɗa, kuma tsagun a haɗe suke ta ƙasa. Na san haka. Ina yarinya mun sha zuba ruwa a tsaga ɗaya mu ga ya ɓullo a wata. Cikin kewayen nawa ƙasa ta fara yin duhu daga ƙasa zuwa sama. Na diro ina cusa laka a tsagu, in toshe nan ya ɓullo can. Na cire mayafina na cusa. Tudun farko ya nutse a tsakiya kamar an zare masa wani abu, sai na kusa da shi. Wani wari ya taso. Ina ta gudu daga wannan zuwa wancan a kan gwiwoyi, don ban san wanda zan tare ba. Kafin la'asar ƙayar tana yawo a kan ruwa, wurin ya zama ɗaya da sauran gonar.

Matar dattijon ce ta fito da ni ta yafa mini nata mayafin. A hanyar komawa na tambayi kawu ko ya san haka za ta faru. Ya ce ya sani, dattijon ma ya sani. Na ce me ya sa suka bar ni.

"Da mun faɗa miki, mi za ki yi da hannuwanki har ruwan ya zo?"

Na dawo gida da zazzaɓi. Inna ta dafa mini kunu, ta shafa mini mai a tafin hannu, ba ta tambaya ba. Maigidana ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa a gaban mutane ba. Sai a kwana na uku, muna zaune a rumfa tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"An same shi?"

Na buɗe baki da niyyar faɗin abin da ya faru. Sai na ga hannunta ya tsaya a kan rariyar. Na ce an same shi. Na ce shi kaɗai ne, a kan tudu, ƙarƙashin wata bishiya, ruwa ba ya kaiwa wurin. Na ce manomin ya gane shi da tabon ƙafarsa, kuma matarsa tana share wurin duk Juma'a. Maganar tana ta fitowa, na kasa tsayar da ita, har launin bulon da aka jera na faɗa.

Sai ta ci gaba da tankaɗe.

"In an yi girbi ki kai ni."

Tun daga ranar kullum da safe sai ta ɗauki sandarta ta taka har bakin kogi ta dawo, wai tana saba wa ƙafafunta da tafiya. Da farko sau uku take hutawa a hanya, yanzu sau ɗaya. Ta sa an ɗinka mata sabon takalmi. Jiya ta tambaye ni wace irin bishiya ce, na ce darbejiya, ta ce madalla, tana da inuwa. Dawar bayan gidanmu ta fara fitar da kai.